Auren Fijo da Toyota

 Da aka ce layi ya zo kanmu, mun daɗe muna shawarar abin da za mu kawo, daga ƙarshe muka tsaya a kan labarin motar gidanmu. Masu jiran soyayya su yi haƙuri, ko da yake akwai aure a ciki, har da saki da kome.

Mu uku ne maza a wurin mahaifinmu, kuma a Kakau muka tashi, kan hanyar Abuja, gaba da Gonin Gora in mutum ya fito daga cikin Kaduna. Ɗayanmu ne ke riƙe da alƙalami, amma da yake tare muka tafka kuskuren, tare kuma muka biya kuɗinsa, bai dace mutum ɗaya ya ce "ni" ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2019, ya bar mana gida da gona da Fijo 504 akori-kura. Ya saye ta ne a hannu lokacin yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kafin masaƙun su fara rufewa a farkon shekarun 2000. Da aiki ya ƙare, ita ta riƙe gidan. Ta yi dakon masara da doya da itace da bulo, ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti cikin dare, namu da na maƙwabtanmu Gbagyi. Kuɗin makarantarmu duk a bayanta aka ɗauko shi.

Wanda bai tashi a Kaduna ba, da wuya ya gane matsayin Fijo a wurinmu. A Faransa aka ƙirƙiro 504 a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 ɗin ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, 'yar tafiya kaɗan daga gidanmu, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da barinta. Shi ya sa in ɗan Kaduna ya ce "motarmu", ba ƙarya ya yi ba. Tamu tana ɗauke da injin nan mai cc 1971, mai silinda 4, wanda ke kishingiɗe gefe guda a cikin bonet kamar dattijo bayan cin tuwo. Giyarta 4 ce da ribas.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. A gidanmu wannan sanarwa ta zama rigima. Babbanmu ya ce a sayar da motar a sayi Keke Napep, domin dakon ya daina fitar da kuɗin mai. Autanmu ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a sayar da motar Baba ba. Na tsakiya ne ya kawo shawarar da ta raba gardama, ita ce kuma ta jefa mu cikin abin da za ku ji. Giyabos ɗin dama ya gaji, lamba 2 tana fita da kanta, lamba 3 tana gurnani. Ya ce tunda dole a canza shi, a sa mai giya 5. A lamba 4, sau ɗaya inji ya juya, sau ɗaya farfela ke juyawa. A lamba 5 kuwa farfela ta fi inji saurin juyi, sai inji ya rage ihu a kan doguwar hanya, ya rage shan mai. Umma ta saurare mu har muka gama, ta ce, "Ku dai ku yi abin da ba za ku yi da-na-sani ba."

Mai hankali zai tambaya, me ya hana mu nemi giya 5 ta Fijo 505, tunda dangi ɗaya ne? Mun nema. Sau uku muna bin baifas mu tsallake kogi zuwa Panteka, muka yi waya Ƙofar Ruwa a Kano. Waɗanda muka gani duk sun fi namu gajiya. Abin da ke cike da kasuwa shi ne giyar Toyota Hilux 'yar Beljiyam, mai tsabta, ga kayan gyaranta ko'ina. Ita muka saya, muka kai wa wani matashin bakanike abokinmu wanda ya ce kwana uku sun ishe shi.

A nan ya kamata mu tsaya mu bayyana kuloci, domin mu kanmu a lokacin abin da muka sani game da shi bai wuce feda ta hagu ba. A bayan inji akwai wani faranti mai nauyi da ake kira fulawil, ɗaure yake da karanshaf, tare suke juyawa. A jikin fulawil ake ɗaure wani murfi mai yatsun ƙarfe a tsakiya, kanikawanmu suna ce masa dis. Tsakanin fulawil da murfin akwai faifai mai lainin a fuska biyu, shi ne filet. Faifan nan yana da rami a cibiyarsa mai haƙora, sandar da ta fito daga giya tana shiga ramin, haƙora su kama haƙora. Murfi yana danne faifai a jikin fulawil, sai ƙarfin inji ya bi ta faifai ya shiga giya. In direba ya taka feda, mai ya taso daga kulocin sama zuwa kulocin ƙasa, ya tura wani ƙarfe mai kama da cokali mai yatsu biyu, shi kuma ya tura boris, boris ya danna yatsun murfi, murfi ya saki faifai. Kan sandar giyar kuma yana kwana ne cikin wani ɗan bushin da ke tsakiyar gindin karanshaf. Duk wannan yana ɓoye cikin wani ƙoƙo da ke haɗa inji da giya. Da zarar an ɗaure, ido ba ya ƙara ganin abin da ke gudana a ciki.

Matsala ta farko ta bayyana tun ranar farko. Faifan Fijo ya ƙi shiga sandar Toyota, haƙoran ba iri ɗaya ba ne. Faifan Hilux kuma ya shiga sandar, amma ya fi ƙarfin murfin Fijo, ya yi masa faɗi. Abokinmu ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ya yanke cibiyar faifan Fijo, ya yanko ta Hilux, ya kai wa mai walda ya liƙa. Aka yanko farantin ƙarfe aka huda da ido, aka haɗa ƙoƙon Fijo da giyar Toyota. Da aka zo ɗaurawa giya ta tsaya, saura ɗan tazara kamar kaurin yatsa ta ƙi ƙarasawa. Muna tsaye muna kallo ya sa dogayen kusoshi ya ja ta da sifana har ta manne. Mu da kanmu muka taya shi riƙe jak, har muna yaba masa ƙarfin hannu. Ba za mu ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Mu ne muke kiransa safe da yamma muna cewa kaka ta matso.

Motar ta tashi, ta kuma yi tafiya. Sai dai in za a ɗaga ta daga tsaye takan yi karkarwa kamar mai masassara, ribas kuma ba ya shiga sai da ƙara. Muka ce sabon aure ne, za su saba. Kwana 16 muka samu. Ran na 17, cikin watan Nuwamba, mun ɗauko buhunan masarar wani dattijo maƙwabcinmu za mu kai kasuwa, muna isa Gonin Gora sai muka ji ƙas a ƙarƙashin ƙafafunmu. Inji yana ta kuka, mota ba ta motsi. Muka sauke kayan mutane a bakin titi, muka ɗauki hayar wata motar da kuɗin aljihunmu. Dattijon bai ce mana komai ba sai "Allah ya kiyaye gaba", kuma wannan ya fi zagi ciwo. A daren nan babbanmu ya sake tayar da maganar sayarwa, wannan karon a matsayin kayan gwangwan. Mun yi kwana biyu ba mai yi wa wani magana.

Umma ce ta tuna mana da wani tsohon abokin Baba a Kakuri, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaura injin Fijo a kamfani, daga baya ya buɗe garejinsa, yanzu kuma ido ya fara rauni sai yaransa ke aiki yana zaune a benci yana nuni da sanda. Muka ja motar zuwa wurinsa. Da aka sauke giya aka shimfiɗa kayan a kan buhu, ya daɗe yana juya faifan a hannunsa. Waldar ta tsage zagaye, sifirin ɗin cikin faifan sun yi shuɗi saboda wutar walda, bushin ya ragargaje, mai ya fara zuba daga bakin giya.

Ya ce, "Yarana, wa ya ɗaura wannan auren?"

Muka ce, "Baba, mu ne."

Ya ce, "To kun ɗaura ba bincike. Faifan nan da kuke gani ɗa ne. Jikinsa na dangin uba ne, cibiyarsa ta dangin uwa ce. Faɗinsa inji ke faɗa, haƙoransa giya ke faɗa. Kowane ƙarfe a cikin ƙoƙon nan, ku fara tambaya, na wane gida ne, da wa kuma zai gaisa. Ku kawo littafi."

Mun ɗauka wasa yake yi. Ashe da gaske yake, ya ce ba zai taɓa motar ba sai mun sayo littafi da biro. Mako biyu muka yi muna zuwa kullum, yana sa yaransa awo, yana sa mu rubutu.

Da haƙora aka fara. Ya sa muka ɗiga fenti a haƙori ɗaya na sandar Toyota muka ƙirga zagaye, 21. Muka ce shi ke nan, a nemo faifai mai 21. Ya yi dariya, ya aika aka kawo faifan Corolla, shi ma 21 ne, amma raminsa ya yi wa sandar kaɗan, ko kai bai shiga ba. Yawan haƙora ɗaya, kauri daban. Gwajin da ya yarda da shi guda ne: a zura faifai a sandar da hannu, ya zame gaba da baya ba tare da an buga ba, in kuma an murɗa shi hagu da dama kada ya yi kwaram-kwaram. Wanda ya matse ba zai saki ba in an taka feda. Wanda ya yi sako-sako zai cinye haƙoran sandar.

Sai faɗi. A nan hanya ta rabu biyu. Ana iya huda fulawil ɗin Fijo sababbin ramuka a ɗaura masa murfin Hilux gaba ɗaya, ko kuma a bar fulawil da murfinsa yadda suke a rage faifan Hilux ya dawo girman na Fijo. Yaransa sun fi son ta farko. Shi ya ƙi. Ya ce faifai abin cinyewa ne, gobe ma za a sayi wani, fulawil kuwa shi ke ɗauke da haƙoran da kik ke kamawa, kuma in rami ɗaya ya kauce, inji zai yi ta rawa har ya mutu. Dokarsa ita ce a taɓa mai arha, a bar wanda ba a da na biyunsa. Aka kai sabon faifan Hilux wurin masu injin fere ƙarfe a Panteka, suka rage gefensa daidai da awon tsohon, masu lainin suka buga masa sabo da ribit. Ba a kusanci cibiyar da wuta ba. Da aka dawo da shi, sai da ya sa aka kwantar da shi a kan fulawil aka juya, a tabbatar sifirin ɗinsa ba sa gogar kawunan kusoshin fulawil, aka kuma yi alama a fuskar da ke kallon inji, domin faifai yana da gaba da baya.

Bushin ne ya tona asirin ɗan tazarar nan da aka ja da sifana. Kan sandar Toyota bai dace da ramin bushin ɗin Fijo ba, ya tokare a bakinsa, da aka matsa sai ya murƙushe shi. Tun daga ranar sandar take juyawa ba mai riƙe kanta, kuma tana danna karanshaf gaba. Wannan ne ya sa ribas ke ƙara, ya kuma taimaka wajen kashe sil ɗin bakin giya. Aka fere sabon bushin na tagulla, bayansa daidai da ramin karanshaf, cikinsa daidai da kan sanda. Aka auna zurfi da ma'auni, daga fuskar ƙoƙo zuwa kan sanda, daga bayan inji zuwa bakin bushin da ƙarshen rami, aka yi lissafi a littafi, don sandar ta shiga sosai amma kada ta taɓo ƙarshe. Wannan lissafin ne ya faɗi kaurin da sabon farantin haɗi zai kasance. A da mun ɗauka duk ƙarfen da aka samu ya yi.

Boris ya fi ba mu wahala, domin shi da gida uku yake gaisawa. Yana zamewa a kan hancin giya, cokali yana riƙe da shi, fuskarsa kuma tana taɓa yatsun murfi. Dattijon ya nuna mana cewa murfi mai miƙaƙƙun yatsu yana son boris mai kumburarriyar fuska, mai yatsu masu lanƙwasa a kai kuma yana son mai shimfiɗaɗɗiyar fuska. Aka bar boris na Fijo saboda murfi da cokali, aka fere masa zobe ya zauna daidai a hancin Toyota. Sannan aka auna inda yake tsayawa. In ya yi nisa da yatsu, feda za ta kai ƙasa kuloci bai gama saki ba. In ya tokare su da ƙarfi kullum, faifai zai riƙa sulɓi yana ƙonewa ko da ƙafa ba ta kan feda.

Abu na ƙarshe shi ne saiti. Ya fito da wani agogon awo daga cikin tsumma, ya ce tun zamanin kamfani yake tare da shi. Aka kafa shi a jikin fulawil, allurarsa tana taɓa cikin ramin farantin, aka juya inji da hannu a hankali, mu muna karanta masa lamba tunda idonsa ba ya gani. Tsakiyar giya da tsakiyar karanshaf dole su zama layi ɗaya, kaucewar da ake yafewa ba ta wuce milimita 0.13 ba, kusan kaurin takardar da muke rubutu a kai. Tsohon farantin namu da aka huda da ido ya kauce har allura tana neman zagaye agogon. Sai da saiti ya zauna sannan aka huda aka dasa fegi biyu na ƙarfe, domin kusoshi matsewa kawai suke yi, fegi ne ke riƙe saiti. Ga kuma kishingiɗar injin, wadda sai da aka lissafa ta a wajen huda, in ba haka ba sandar canza giya za ta fito a karkace.

Ranar ɗaurawa ya hana a kawo sifana kusa. Yara biyu suka ɗaga giya, suka ɗan jijjiga ta, sai muka ji ƙwas, ta manne da kanta ba tazara. Ya ce, "Amaryar da ta yarda ba a janta da igiya."

Ba za mu yi muku ƙarya a kan sakamako ba. Shan mai ya ragu, amma bai kai yadda muka yi mafarki ba, domin lamba 5 tana amfani ne a miƙaƙƙiyar hanya in kaya ba su yi nauyi ba, da lodi kuwa sai an dawo 4. An rage farfela an sake mata kai, an yanka ƙasan motar saboda sandar giya ta koma baya kaɗan, allurar gudu kuma har yau ba ta faɗin gaskiya. Abin da muka kashe sau biyu ya kusa cinye ribar kakar bara. Amma motar tana aiki, karkarwa ta tafi, kuma babbanmu, wanda ya ce a sayar, shi ne yanzu ba ya barin kowa ya tuƙa ta. Can gaba da mu a kan hanyar Abuja akwai sabuwar masana'antar Fijo ta Dangote da ta fara aiki a 2022. In mun wuce ta wajen, autanmu yakan danna hon, wai tsohuwa tana gaida jikoki.

Ranar da za mu bar garejin mun tambayi dattijon dalilin littafin. Ya ce, "Faifan nan zai cinye, ko ina raye ko ba na nan. Ranar da kuka je shago, kulocin wace mota za ku ce a ba ku? Na Fijo ba zai shiga ba, na Toyota ba zai zauna ba. Motar nan guda ɗaya ce a duniya, kuma takardarta ita ce wannan da ke hannunku." Littafin yana cikin akwatin gaban mota, a nannaɗe cikin leda: haƙora nawa, faɗi nawa, bushin nawa ciki da waje, kaurin faranti, wane boris, wace fuska ke kallon inji.

Abin da ya sa muka kawo wannan labari zauren marubuta ke nan. Da muka zauna rubutu a benci, mun sha wuya kafin mu sami yadda za mu faɗi wasu abubuwa da Hausa, kuma sau da yawa bakin dattijon ne ya ba mu kalmar, kamar cibiya da hanci da ƙoƙo da yatsu. Irinsa suna nan da yawa a Kakuri da Panteka da Ƙofar Ruwa, a maƙera da majema da marina, kansu cike da ilimin da ba a taɓa sa wa biro ba, kuma kullum raguwa suke yi. Da yawanmu muna kukan ba mu da abin rubutawa, alhali muna wuce su kowace safiya. Shawararmu ga ɗan uwa ko 'yar uwa mai neman abin rubutu a wannan mako ita ce a ɗauki littafi a je wurin mai sana'a ɗaya a unguwa, a zauna, a yi ta tambaya har sai an iya bayyana aikinsa yadda wanda bai taɓa gani ba zai gane. In an dawo a kawo mana nan mu karanta.

Kanikawan da ke cikinmu, in kun ga inda muka kauce a bayani ko a sunan wani ƙarfe, ku gyara mana, mu direbobi ne da manoma. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ƙara wa dattijon nan lafiya, ya sa mu dace. Sai mun ji daga gare ku.